Zan iya kwana tara ina tuƙa kwale-kwale a dajin ruwan Everglades?

"Assalamu alaikum Malam. Ni malamin makaranta ne, ina zaune a Gwammaja a nan Kano. A watan Janairu, in Allah ya kai mu, zan je kwas na wata uku a Miami ta jihar Florida. Abokan da zan tarar a can sun ce in shirya, za mu shiga dajin ruwa na Everglades da kwale-kwale, mu yi kwana tara muna tuƙi daga wannan baki zuwa wancan. Ni iyakar sanina da ruwa, an taɓa ƙetarar da ni a Wudil ina yaro, iyo ma kaɗan na iya. Ina jin kunyar in ce ba za ni ba, kuma gaskiya zuciyata tana so. Me zan tanada? Anya abin zai yiwu ga irina?"

Wa alaikumus salam, Malam. Allah ya kai ka lafiya, ya sa a yi kwas a sa'a. Tambayarka gida biyu ce: me za ka tanada, sannan ko wanda bai taɓa riƙe filafili ba zai iya wannan tafiya. A kan ta biyun zan fi tsayawa, domin idan an warware ta, lissafin kaya ba wani abu ba ne. Na yi shekaru ina aikin ƙidayar tsuntsaye da auna ruwa a fadamun Haɗeja da Nguru, kuma lokacin da nake karatu a Florida na sha shiga Everglades, har na bi doguwar hanyar nan sau ɗaya daga farko zuwa ƙarshe. Shawarata ita ce ka je, amma kada ka yarda shigarka ta farko ta zama ta kwana tara.

Wurin da suke son kai ka

Everglades gandun daji ne na gwamnatin tarayyar Amurka da aka buɗe a 1947, faɗinsa ya haura murabba'in kilomita 6,000, a ƙarshen kudancin Florida. Asalinsa ruwa ne da ke malalowa sannu a hankali daga wajen tafkin Okeechobee zuwa teku, ta cikin ciyawa, kamar dai fadama mai tafiya. Hanyar da abokanka suke nufi tana can gefen teku, inda ruwan daɗi ya haɗu da na gishiri. Sunanta Wilderness Waterway, tsawonta mil 99, wato kimanin kilomita 159, tsakanin garin Everglades City a arewa da Flamingo a kudu. Ka ƙaddara nisan Kano zuwa Zariya ne, amma da damtsenka za ka ci shi, kuma da zarar ka wuce ƙauyen Chokoloskee da ke kusa da Everglades City babu ƙauye ko ɗaya a hanya, babu mai shayi, babu rijiya. Masu kwale-kwale sukan yi ta a kwana takwas zuwa goma.

Abin da zai fara ba ka mamaki shi ne babu ƙasa. A Nguru, ko kacala ta toshe mana hanya, mukan sami tudu mu sauka, mu tarar da masunta ko Fulani su nuna mana mafita. A can kuwa bakin ruwan duk itatuwan mangurof ne, wasu bishiyoyi da ke tsaye cikin ruwan gishiri a kan saiwoyi masu kama da ƙafafun gizo-gizo. Ba a takawa a cikinsu, kuma kowane lungu kamar ɗan'uwansa yake. Akwai alamomi masu lamba da aka kafa a hanyar, amma tazararsu tana da yawa, mutum yakan yi tuƙi mai nisa bai ga ko ɗaya ba.

Lokacin da za ka je ya dace. Ranin can yana kamawa daga wajen Disamba zuwa Afrilu, zafin rana a lokacin yakan kasance wajen digiri 25, dare kuma yakan sauko zuwa 12 ko 13, kusan hunturun Kano ba tare da ƙura ba. Daga Yuni zuwa Nuwamba lokacin guguwar teku ne da tsawa da sauro, mai hankali ba ya shirya doguwar tafiya a ciki.

Ruwan sha

Duk tsawon hanyar babu inda za ka ɗebi ruwan da za ka sha. Ruwan da kake tuƙi a kansa na gishiri ne ko gauraye, kuma matatar hannu irin ta masu yawon daji ba ta cire gishiri. Ƙa'idar da hukumar gandun take bayarwa ita ce galan ɗaya ga kowane mutum a kowace rana, kusan lita huɗu. Yi lissafin da kanka: mutum biyu a kwale-kwale ɗaya, kwana tara, lita 72. Ƙara na kwana ɗaya don ko iska ta tsare ku, ya zama 80. Jarka uku ke nan irin ta 'yan garuwa da ɗoriya, nauyin kilo 80, tamkar kun ɗauki mutum na uku wanda ba ya tuƙi. Ba a sa tanti da abinci da risho ba tukuna. Kwale-kwalen da aka yi wa wannan lodi yana nutsawa ƙasa, yana da nauyin juyawa, kuma igiyar ruwa ta fi saurin shigar masa. Wannan lissafin kaɗai ya isa ya nuna maka bambancin kwana uku da kwana tara.

Mazubin ruwan ma sai an zaɓa. Akwai wata dabba a can da ake kira rakun, girmanta ya ɗan fi na kyanwa, tana da hannaye masu dabara kamar na biri. A tsibiran bakin teku ita ma ƙishirwa take fama da ita a lokacin rani, don haka ruwanku take nema kafin abincinku. A wata tafiya wani abokin tafiyarmu ya zo da ruwansa a robobi masu laushi irin na kanti, ya bar su a gindin tanti. Da asuba muka tarar an huda uku, yashi ya shanye. Dole muka rage kwana ɗaya muka juyo. Jarka mai kauri mai murfin murɗawa ake nema, a raba ruwan gida-gida, kada a tara shi a mazubi ɗaya.

Alwala kuwa kada ka taɓa ruwan shanka dominta. Ruwan teku mai tsarki ne mai tsarkakewa, hadisin yana cikin Muwaɗɗa, kai ma ka san shi. Ka ɗebo da buta ko bokiti mai igiya, kada ka tsuguna a bakin ruwa da magariba. Alƙibla daga can tana arewa maso gabas, ba gabas ɗin da ka saba fuskanta a Gwammaja ba. Maganar ƙasaru da haɗa salloli kuma ka zauna da malaminka kafin ka tashi, wannan fagensu ne.

Teku da iska su ne masu tsara rana

Mu mutanen tudu ruwa ɗaya muka sani: ya cika da damina, ya janye da rani. Ruwan teku a kullum yake cika ya janye, galibi sau biyu a yini da dare, kuma lokacin yana matsawa gaba da kusan minti hamsin kowace rana. Wata ne ke jan sa, shi ya sa cikar da janyewar suka fi ƙarfi a tsayuwar wata da kuma daren sha huɗu. Kai da ka saba bin kwanan wata, wannan ba zai yi maka wuya ba. Idan teku na janyewa, kogunan da ke tsakanin mangurof gudu suke yi zuwa waje. Idan tana cika, sai su juyo ciki. Kwale-kwale mai kaya da mutum biyu yakan ci kamar kilomita uku a awa. In kun bi ruwa, sai ku ga kuna tafiya kamar ana tura ku. In kun saɓa masa a bakin kogi, za ku yi awa guda kuna zufa kuna kallon bishiya ɗaya. Saboda haka jadawalin cikar teku ne zai faɗa muku lokacin tashi. Wata rana bayan asuba ne, wata rana sai hantsi.

Ni kaina na sha kashi a nan. Mun raina jadawalin, muka tsaya shan shayi, muka tashi a makare da awa biyu. Muna tsakiyar wani fili sai ruwan ya zare daga ƙarƙashinmu, kwale-kwale ya zauna a taɓo. Na zura ƙafa don in ja shi, na nutse har cinya. Haka muka zauna a rana kusan awa biyar muna jiran ruwa ya dawo, muka isa masauki cikin duhu da tocila. A doguwar hanyar akwai wani matsattsen rafi da suka raɗa wa suna Nightmare, wato mugun mafarki, wanda ba ya biyuwa sai teku ta cika. Wanda ya shige shi a kuskuren lokaci zai kwana da sauro. Sannan a wasu wuraren ƙasan ruwan tarin ƙumba ne mai kaifi kamar reza, don haka takalmi rufaffe ake sawa, silifa ba ta da aiki a can.

Iska ta fi ba ni tsoro a kan komai. Hanyar tana ratsa manyan filayen ruwa, mafi girmansu Whitewater Bay, kuma ba su da zurfi, shi ya sa iska kaɗan take tayar da igiyoyi gajeru masu dukan juna. A hunturun can, lokaci-lokaci sanyi yakan sauko daga arewa, iska ta juya ta yi ƙarfi, dare ya yi sanyin da sai da bargo. Ranar da haka ta faru, zama ake yi. Yawanci safiya ta fi lafawa, shi ya sa muke son mu gama tuƙi kafin la'asar. Ka tuna a Janairu rana tana faɗuwa wajen ƙarfe shida. Kilomita 18 a rana a takarda ba komai ba ne, amma awa shida ne na tuƙi idan komai ya tafi daidai, kuma ba kullum yake tafiya daidai ba.

Waya ba abin dogaro ba ce, sabis yana ɗaukewa da zarar kun yi nisa. Ana tafiya da taswirar ruwa ta takarda mai jure jiƙa wadda ta rufe yankin, tare da kamfas, da na'urar GPS, da rediyon jiragen ruwa wanda ake neman agaji da shi a tasha ta 16. In akwai na'urar aika saƙo ta tauraron ɗan'adam, ya fi. Kafin ku shiga, ku bar wa wani a gari takarda mai ɗauke da sunayenku, inda za ku kwana kowane dare, da ranar da in bai ji ku ba zai kira hukuma.

Wurin kwana

Ba a kwana inda aka ga dama. Sai da izini, kuma kowane dare da wurin da aka rubuta muku. Ana kama wuri ta shafin Recreation.gov, kuma wurare masu kyau sukan ƙare da wuri a lokacin sanyi, don haka tun yanzu ya kamata abokanka su duba. Dokoki da kuɗin izini suna canzawa, kuma guguwa takan lalata masauki a rufe shi, saboda haka abin da ma'aikatan gandun suka faɗa muku a makon tafiya shi ne abin bi, ko da ya saɓa wa nawa.

Masaukin iri uku ne. Akwai dandamalin katako mai rufi da aka kafa a kan ruwa, suna kiransa chickee, ana furta shi kusan kamar "ciki" namu, sunan ya samo asali daga rumfunan ƙabilun Seminole da Miccosukee. Faɗinsa bai fi ƙaramin ɗaki ba, da ɗan bayan gida a gefe. Ba a kafa ƙusa ko turke a kansa, don haka tanti mai tsayuwa da kansa ake bukata, kuma ka ɗaure shi da igiya tun kafin ka shiga, in ba haka ba iska ta kai shi ruwa. Akwai masaukin tudu, wasunsu tsibin ƙumba ne da mutanen Calusa, 'yan asalin yankin, suka tara ɗaruruwan shekaru da suka wuce. Suna da inuwa, amma nan ne fadar sauro. Sai na bakin teku a kan yashi, inda iska ke korar ƙwari, kuma nan kaɗai aka yarda a hura wuta. Sauran wuraren da risho na gas ake girki. Duk sharar da kuka yi da ita za ku fito.

Na san kada ce a ranka. Akwai su, har iri biyu, kuma kudancin Florida ne kaɗai wurin da kadar aligeto da kada ta ainihi suke zaune tare a daji. Ba su cika kula mai kwale-kwale ba. Kada ka ba su abinci, kada ka wanke kifi a gefen masauki, kada ka yi wanka ko ka saki ƙafa a ruwa, shi ke nan. Za ka iya yin sa'a ka ga ayu, irin wanda ake labari a Binuwai. Wanda zai hana ka barci sauro ne, da wasu ƙananan ƙwari masu cizo da suka fi ƙwayar gero ƙanƙanta, waɗanda suke ratsa gidan sauro irin namu kamar babu shi. Ragar tantin sai mai matsattsen ido. Doguwar riga mai dogon hannu, wando har idon sawu, safa, malafa, da ragar rufe fuska, su ne kayan magariba da asuba.

Abin da za ka yi tun kana Kano

Iyo shi ne na farko. Ka sami wurin ninkaya a gari da mai koyarwa, ka dage har ka iya yin mita hamsin ba tsayawa, kuma ka iya shawagi a ruwa ba tare da firgita ba. Ko ka iya, rigar kariya daga nutsewa ba ta barin jikinka muddin kana kan ruwa. A jiki take, a ɗaure, ba a ƙarƙashin mazauni ba. Mu a Kano ba sai an yi mana dogon bayani ba, ba mu manta da kifewar jirgin Bagwai a Nuwamban 2021 ba, da yaran da muka rasa. Allah ya jiƙansu.

Na biyu, ka je Tiga ko Wudil a ƙarshen mako, ka nemi masunci ka biya shi ya koya maka zaman kwale-kwale: yadda ake shiga a sunkuye, yadda ake ajiye nauyi a tsakiya, yadda na baya yake saita hanya. Jirginsu na katako ne mai nauyi, na can kuma na roba ne ko gorar ruwa, mara nauyi, amma jikinka zai koyi daidaito, kafaɗarka kuma ta san abin da ke jiranta. Iskar hunturu a kan Tiga makaranta ce mai kyau. Ka je da rigar kariyarka, kuma ka rage shiga ruwan dam da jiki saboda tsargiya. In kana da hawan jini, ciwon suga ko ciwon baya, ka ga likita ka faɗa masa ainihin abin da za ka yi. Ni ba likita ba ne.

Kaya kada ka wahalar da kanka. Kwale-kwale, filafili, jarka da tanti duk ana haya ko saye a can. Daga nan yadi mara nauyi mai saurin bushewa a Kantin Kwari ya isa, tela ya ɗinka maka riga biyu masu dogon hannu. Kilishi da dambun nama, duk da sun dace da irin wannan tafiya, kada ka sa su a jaka, jami'an kwastan na Amurka ba sa barin nama ya shiga, kuma duk abincin da ka ɗauka sai ka bayyana shi a filin jirgi. Dabino, gyaɗa, zuma, shinkafa, taliya da kifin gwangwani duk za ka samu a Miami, har garin kwaki a shagunan 'yan Afirka.

Tafiyar da ta dace da kai

Ka fara da yini ɗaya a Nine Mile Pond, a kan titin Flamingo, zagaye ne na kusan kilomita takwas a ruwan daɗi mai alamomi. In ka dawo kana marmarin ƙari, sai ku yi dare ɗaya ko biyu a hanyar Hells Bay, wadda ke cikin mangurof inda iska ba ta da ƙarfi, an kafa mata farin bututu mai lamba a kowace kwana, kuma akwai dandamalin Pearl Bay da na Hells Bay a tazarar da sabon hannu zai iya kaiwa. Bayan wannan, in da hali, sai zagayen dare uku daga Chokoloskee: ku shiga ta kogin Lopez, ku fito teku ta kogin Chatham, ku kwana a tsibirin Pavilion Key ko na Rabbit Key, ku dawo inda kuka bar mota. A nan za ka ɗanɗani kowane irin masauki, ka ga aikin cikar teku da idonka, da ruwan sha lita 16 kacal a kanka. Zagaye yana da wani amfanin: doguwar hanyar a wani gari take ƙarewa, kuma komawa wurin mota tafiyar awanni ce a titi, sai an shirya wanda zai ɗauko ku.

Ban san abokanka ba, wataƙila ƙwararru ne. Ka yi musu tambaya huɗu cikin raha: wa ya taɓa bin hanyar har ƙarshe, an kama masaukin kowane dare, lita nawa za a ɗauka, kuma me za a yi in iska ta hana tafiya kwana biyu a jere. In amsa ta zo da lambobi da sunayen wurare, to ka ce su fara kai ka Hells Bay a makonninka na farko, su ga tuƙinka, kai ma ka ga nasu. Wata uku za ka yi, kuma Maris ma rani ne a can. In kuwa aka ce maka "kada ka damu, za mu gani a hanya", ka ce kwas ya riƙe ka, ka nemi jagora mai lasisi a Everglades City ko Flamingo ya fita da kai na kwana biyu.